Amsoshin Wasiƙunku: Na Sayi Tsohuwar Golf Mai Gudu, Yaya Zan Riƙe Ta?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga yankin Ɗandume a jihar Katsina, ya aiko da wasiƙa yana cewa bayan ya sayar da masarar bana ya sayi mota Golf 3 mai ƙofa biyu, wadda aka rubuta GTI a bayanta. Ya ce motar akwai gudu, amma cikinta yana jan ƙasa a hanyar ƙauyensu, ga shi kuma abokai kowa da irin shawararsa: wani ya ce a ɗaga ta, wani ya ce a cire tamostat, wani ya ce a mayar da ita kafireto, wani kuma ya ce a mayar da ita mai amfani da gas. Yana so mu gaya masa abin da zai fara yi, da sauye-sauyen da ba za su cuce shi ba, da kuma ko za ta iya yi masa dakon buhuna zuwa kasuwa.

AMSA: To madalla, Malam, Allah ya sanya alheri, ya sa a kashe lafiya. Da farko dai bari mu gaya maka irin abin da ka saya, domin sanin halin doki shi ne rabin kiwonsa.

Kamfanin Volkswagen na ƙasar Jamus ya fara ƙera Golf a 1974, sannan a 1976 ya fito da samfurin GTI domin masu son gudu. Ita Golf 3 ta fito a 1991, aka ci gaba da yin ta har wajen 1997. Ke nan duk yadda fentinta yake ƙyalli, motarka ta doshi shekara 30, ko ma ta haura. GTI ɗin wannan zubi galibi iri biyu ce, masu injin lita 2. Akwai mai bawul 8 mai ƙarfin doki 115, wadda gudunta ke kusan kilomita 200 a awa, akwai kuma mai bawul 16 mai ƙarfin doki 150, wadda takan wuce haka. An gajarta mata ƙafa da gangan, aka sa mata sifirin mai tauri da taya mai siririn gefe, domin ta kama kwalta a kan kwana. Wato abin da kake gani aibi ne a hanyar ƙauye, shi ne adonta a titunan Turai.

Aikin farko ba na bakanike ba ne, na takardu ne. Ka buɗe bonet ka nemi lambar shasi, ka gwada ta da wadda ke cikin takardun kwastan da na rajista, harafi bayan harafi. Lambar tana da haruffa da alƙaluma 17. A Golf 3 ta Jamus takan fara da WVW, za ka kuma ga 1H a tsakiya. Harafi na 10 shi ke faɗin shekarar samfurin: N na nufin 1992, P 1993, R 1994, S 1995, T 1996, V kuma 1997. In ka ga alamar walda ko kankara a kewayen lambar, to maza ka koma wurin dillali tun cinikin bai huce ba. In komai ya yi daidai, sai ka karɓi takardar shaidar ciniki, ka je ofishin lasin a mayar da mallaka da sunanka, ka kuma yi inshora. Wanda bai yi haka ba, ranar da rigima ta taso shi za a fara riƙewa.

Daga nan sai a kai ta gareji a hau da ita kan rami, a leƙa cikinta da tocila. Ƙasashen sanyi suna zuba gishiri a titi domin narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana cin ƙarfe, kuma an san Golf 3 da saurin tsatsa a ƙasan ƙofofi, da daɓen ciki, da mazaunin shokozoba. A sa sukundireba a dinga dannawa. Duk inda ya burma, sai an yanke an yi walda da sabon ƙarfe, ba a shafe da kwaɓi a fesa fenti ba. Sannan ka tayar da ita da sassafe ka dubi hayaƙin salansa. Shuɗi-shuɗi alama ce inji yana ƙona baƙin mai, baƙi na nufin fetur ya yi yawa, fari mai kauri wanda bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi kuwa, yawanci gaskit ne ya ƙone ruwa yana shiga silinda.

Hausawa sun ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Saboda haka kafin a yi maganar ado, ka ware kuɗi ka sake waɗannan abubuwa, ko da mai sayarwa ya rantse cewa jiya aka sa su. Na ɗaya, taimin bel tare da abin ɗaure shi. Ba ka san tun yaushe yake jiki ba, kuma in ya tsinke ana cikin tafiya, musamman a mai bawul 16, fistin zai doki bawul ya lanƙwasa su, gyaran kuwa ya ninka kuɗin bel sau da yawa. Bayan ka sake, ka rubuta adadin kilomita a ɗan littafi, kada ka bari ya wuce kilomita 60,000 ko shekara 4. Na biyu, baƙin mai da filtarsa. Injin yana shan wajen lita 4, kuma mai kauri irin 15W-40 ko 20W-50 ya dace da tsohon inji a zafinmu. A ƙurar ƙasar nan, kowane kilomita 5,000 a juye. Na uku, filtar iska da ta fetur da fulogi. Na huɗu, man birki. Wannan mai yana tsotsar laima daga iska, in ya tsufa yakan tafasa idan birki ya yi zafi, sai ka taka ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa. A zubar da tsohon duka, a sa sabo mai lamba DOT 4, a kuma riƙa maimaitawa duk shekara 2. A duba tiyon birki na roba, da boljoyin, da tayirod, da robar da ke rufe gaɓar diraibin shaf, domin in ta yage yashi ya shiga giris, gaɓar ta gama yawo.

Sai taya. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Alal misali 2318 na nufin mako na 23 a shekarar 2018. Tayar da ta haura shekara 6, ko zanenta yana nan raɗau, robarta ta fara bushewa, kuma irinta ce ke fashewa da tsakar rana a watan Afrilu. Araha ba ta ado, Malam. Taya huɗu masu kyau sun fi maka rediyo da fitilu masu walƙiya.

To yanzu sai shawarwarin abokai, ɗaya bayan ɗaya.

Maganar cire tamostat, mu dai ba mu goyi baya ba. Shi wannan ɗan ƙarfe aikinsa ya tsare ruwa a cikin inji har ya ɗumama, sai ya buɗe a wajen digiri 87 ya sake shi zuwa lagireto, allurar zafi ta tsaya a kan 90. In aka cire shi, inji zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar motar, wadda makanikai ke kira burenbos, sai ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara fetur. Ga shan mai, ga saurin cinyewar inji. In mota tana zafi, a nemi dalili: ko lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko makunnin fanka ya mutu, ko kuwa mahaɗar tiyo ta roba da ke gefen kan inji ta tsage, wadda sananniyar cuta ce a waɗannan motoci. Har wa yau, a daina zuba ruwan rijiya zalla. Yana barin ɓawo a cikin bututu kamar yadda yake yi a gindin buta. A sayi ruwan lagireto na galan, a gauraya shi da tataccen ruwa irin na batir.

Mayar da ita kafireto shi ma koma-baya ne. Harafin I da ke ƙarshen GTI yana nufin injekta, wato inji mai fesa fetur da nozul bisa awo. In aka tuge wannan aka ɗaura kafireto, ƙarfi zai ragu, shan mai ya ƙaru, darajar motar kuma ta faɗi ranar sayarwa. Yawancin abin da ke sa injekta ta yi gardama bai wuce famfon fetur da ke cikin tanki, ko toshewar filta, ko wata waya da ta ruɓe ba. Ka nemi mai gyaran lantarkin mota wanda ya san Golf, kada ka bar tanki yana ƙafewa domin fetur ɗin ne ke sanyaya famfon, kuma ka yi hattara da man 'yan bumburutu wanda ba ka san abin da aka gauraya masa ba. Kazalika kada a huda salansa don ta yi ƙara, kada a cire akwatin filtar iska a sa buɗaɗɗiya irin ta 'yan tsere. A lokacin hunturu ƙura za ta shige kai tsaye ta goge silinda kamar sanfefa.

Ɗaga mota kuwa ana iya yi, amma da awo. Hanya mafi sauƙi ita ce taya mai ɗan tsayin gefe. In wadda ke jiki 205/50 R15 ce, aka sa 195/60 R15, motar za ta tashi da kusan santimita ɗaya da rabi, rim kuma zai rage lanƙwasa a ramuka. Sai dai a murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a tabbatar ba ta gogar jiki, kuma ka sani agogon gudu zai riƙa rage maka lissafi: in ya nuna 100, kana kusa da 105. In ana son ƙari, a sa sifirin mai ɗan tsawo da sabuwar shokozoba, ko a sa zobe na ƙarfe da aka yi domin haka, kada tashin ya wuce santimita 2 zuwa 3. In ya zarce, diraibin shaf zai karkace ya riƙa cinyewa, motar kuma ta riƙa tangaɗi a kwana. Ban da cusa guntun taya ko katako a tsakanin sifirin. A motocin da ba su da ABS akwai wani bawul a gatarin baya mai auna nauyi yana raba ƙarfin birki, duk wanda ya taɓa tsayin baya dole ya sake saita shi. A ƙarshe a yi alaimin. Daɗin daɗawa, ka sa a ɗaura faifan ƙarfe a ƙarƙashin kaskon baƙin mai, domin dutse ɗaya ya isa ya huda shi, mai ya tsiyaye, inji ya buga. Wani abin lura, GTI da aka yi wa kasuwar Turai noti 5 gare ta a kowace ƙafa, alhali gama-garin Golf 3 noti 4 ne, don haka ba kowane kayan ƙafa na Golf ɗin haya ne zai shige ta ba. Ka tafi kasuwa da tsohon a hannu.

Batun gas, tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 mutane da yawa suka karkata gare shi. Injin zai iya ɗauka, amma ka san cewa ana matse CNG a tukunya da ƙarfin da ya ninka iskar tayar mota kusan sau 100. Tukunyar girki ko wadda mai walda ya haɗa ba za ta iya riƙe shi ba. A watan Oktoban 2024 wata mota mai irin wannan tukunya ta haɗin gida ta tarwatse a gidan mai a birnin Benin, mutane suka ji munanan raunuka. In za ka yi, sai a cibiyar da hukuma ta amince da ita. Ka kuma fara tambayar kanka ko akwai inda za ka riƙa cikawa kusa da kai, ga shi tukunyar za ta cinye but, nauyinta kuma ya fi rabin buhun masara.

Sai tambayarka ta ƙarshe, wato dakon buhuna. Gaskiya ɗaya ce, Malam, ba motar kaya ka saya ba. Abin da aka ƙayyade mata bai wuce kilo 500 ba, har da kai da duk wanda ke ciki. In kai da yaronka kuka shiga, saura buhu uku masu kilo ɗari-ɗari. Ita kuma da ƙafafun gaba take ja, da su take juyawa. In aka danne baya da kaya gaba zai yi sama, sitiyari ya yi sakayau, birki ya ƙi kamawa yadda ya kamata. In abin da kake nufi shi ne jigilar hatsi tsakanin Ɗandume da Funtuwa kowace ranar kasuwa, ya fi maka alheri ka gyara ta ka sayar, ka nemi a-kori-kura. In kuwa ta zirga-zirgar kanka ce da iyali, to ka riƙe abarka.

Daga ƙarshe muna jan kunne a kan gudu. Dokar hanya ta Nijeriya ta ba ƙaramar mota ta gida kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya yakan ninka sau huɗu, hanyoyinmu kuwa ba a rasa shanu da amalanke da yara masu talla. Ka ɗaura bel, kada ka ba samari makulli su je wasan mota a wurin biki, domin irin wannan mota ce ke ruɗarsu.

Da fatan mai tambaya da sauran masu irin wannan mota sun gamsu. A ci gaba da aiko mana da wasiƙu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.