Kumurci da Ciwon Gwiwa

A ƙasar Zakirai gona na manne da gona, gida na manne da gida, don haka kumurci ba shi da wani dajin da zai ɓuya. Wurin zamansa suri ne, ko gindin rumbu, ko tarin karan dawa bayan girbi. Ɓera da kwaɗo da ƙwan kaji ke jawo shi cikin gida, kuma da dare yake fita, lokacin da tsofaffi ba sa kama sunansa, sai su ce igiyar ƙasa. Babbansa yakan kai tsawon mutum. In aka matsa masa sai ya miƙe, ya fasa kai, ya tsarto dafi daga nisan taku biyu ko uku, kuma ido yake nema. Wanda abin ya sama, a wanke masa ido da ruwa mai yawa nan take, a wuce asibiti.

Saransa ya fi tsartuwar muni. Likita David Warrell, wanda ya yi aiki a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a shekarun 1970, ya bayyana yadda kumurci yake shiga ɗaki ya sari mai barci, wurin ya kumbura, nama ya ruɓe. Tun macijin rijiyar Kusugu da ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, Bahaushe bai san maciji da alheri ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai dai a gidajen nan akwai ciwon da ya fi sara yawa: sanyin ƙashi. Tsohuwa ta koma sallah a zaune, manomi yana kallon huɗa gwiwa ta hana. A shafa kitsen mesa, a sha ƙwayoyin kemis har su jawo gyambon ciki, ciwon yana nan.

A nan dangin kumurci suka shigo. Dafi ba abu ɗaya ba ne, tarin sinadarai ne, kowanne da inda yake kamawa a jiki. Wani yana toshe hanyar da jijiya ke kai saƙo. In ya yi yawa numfashi ya tsaya, in an tace shi aka rage, zafin ciwo ne kawai zai lafa. A Kolkata ta Indiya, Antony Gomes da abokan aikinsa sun gwada dafin wani mai fasa kai na can a kan ɓerayen da aka sa wa ciwon gaɓɓai, kumburi ya ragu. A 2012 masu bincike a Faransa suka fitar da mambalgin daga dafin baƙar mamba, ya kashe zafi a ɓeraye kusan kamar morfin, ba tare da danne numfashi ba. Abin ba tatsuniya ba ne: captopril na hawan jini, da aka amince da shi a 1981, daga nazarin dafin wani macijin Birazil ya samo asali, tirofiban mai hana jini daskarewa kuma daga 'yar'uwar kububuwa.

Amma ɓera ba mutum ba ne, kuma maganin gaɓɓai daga dafin kumurci bai iso hannun likita ba tukuna. Duk gardin da ya ce zai tsaga gwiwar dattijo ya shafa ɗanyen dafi, ajali yake sayarwa.

Abin da ke ci mini rai shi ne macizanmu. An kai su Liverpool ana tatsar dafinsu, a Kosta Rika kuma ake haɗa EchiTAb-Plus, makarin saran kububuwa da kasa da kumurci. A Jami'ar Bayero, Farfesa Abdulrazaq Habib ya daɗe yana bincike kan saran maciji. Masana muna da su, macizan kuma ga su a gindin rumbunanmu. Ina so gwamnati ta ba masu binciken Kano kuɗi da kayan aiki, su tace dafin kumurci a gida, su duba ko akwai rabon masu sanyin ƙashi a cikinsa.