Yaron Ruga Da Ƙofar Makaranta

Malaman fiƙihu sun yi ittifaƙi a kan cewa yaron da bai balaga ba ba mukallafi ba ne, haddi ba ya hawa kansa, iyakarsa ladabtarwa. Wannan hukunci kuwa yana mayar da tambaya ga waɗanda aka danƙa wa amanar tarbiyyarsa. Saboda haka, duk wanda ya ji labarin yaran da ko gemu bai tsiro musu ba suna rataye da bindiga a dazuzzukan Maradun, kafin ya gaggauta la'anta, ya kamata ya bincika inda suke a lokacin da tsararrakinsu ke zaune a aji.

Asalin al'amarin yana ga ƙasa. Da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, wadda filayen noman raninta suka miƙe daga Talata Mafara har Bakura, manoma da yawa sun rasa gonakinsu, kuma da suka tashi neman diyya, 'yan sanda suka buɗe musu wuta a watan Afrilu na 1980. Makiyayi kuwa, fadamun da shanunsa ke samun ɗanyar ciyawa da rani suka ragu; daga baya burtali da mashaya da makiyayar da dokar Jihar Arewa ta 1965 ta tanada suka riƙa komawa gonaki, sau da yawa gonakin masu hali.

Makarantar boko a gari aka gina ta, lokutan karatunta kuma ba su san da tashin ruga ba. Gaskiya ne gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ilmin makiyaya a 1989, mai mazauni a Kaduna, amma makarantunta da yawa ba su wuce allon suna da inuwar itace ba. Yaron da ubansa ya yi ƙarfin hali ya kai shi firamaren gari, ya iso da raɓa a ƙafa bayan tatsar safe, Hausarsa da gargada, sai a yi masa dariya, a kira shi ɗan daji, fensir ya ɓata a fara caje jakarsa. In ya jure zango ɗaya, da wuya ya jure na biyu. A gida kuma ya ga saniya ta shiga gona, an tisa ƙeyar ubansa gaban hukuma, an sayar da bijimi don biyan tarar da ta ninka ɓarnar. Da satar shanu ta yawaita, 'yan sa-kai suka tashi, har ta kai ana kama Bafillace a tsakiyar kasuwa a kashe shi ba shaida ba alƙali, wanda hakan ya rufe wa yaran ruga kasuwa kamar yadda aka rufe musu aji.

To, a nan ne 'yan bindiga suka samu shiga, domin su kaɗai suka buɗe wa irin wannan yaro ƙofa, suka ba shi babur da makami da ƙwaya, suka sa waɗanda suka raina shi jiya suna rawar jiki a gabansa. Wannan bayani ba uzuri ba ne ga hiraba, wato fashi da makami. Akasarin 'ya'yan makiyaya ba su ɗauki makami ba, hasali ma su aka fara kore wa garke. Kuma cikin gari akwai samarin da makaranta ta zubar, da almajiran da ake ba ragowar tuwo daga bakin zaure, waɗanda wasunsu suka zama masu kai rahoto da fetur da burodi daji. Abin mamaki, garuruwan nan uku ba su yi nisa da mulki ba: Ahmed Sani Yarima na Bakura, da Abdul'aziz Yari na Talata Mafara, da Bello Matawalle na Maradun, duk sun yi gwamnan Zamfara.

Fitinar ta juyo kan makarantun kansu a 2021. Ran 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga sakandaren Jangebe ta ƙasar Talata Mafara. A Agusta aka afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ran 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai 73 a Kaya ta Maradun. Gwamnati ta rufe makarantun jihar da kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya, ɗan manomi ya koma gida ya zauna, iyaye da dama kuma suka ƙi mayar da 'ya'yansu mata makarantar kwana ko bayan an sake buɗewa.