Addu'a Da Haƙurin Masu Jiran 'Ya'yan Riƙo Daga Kwango

A watan Satumba na 2013 ne hukumar shige da fice ta Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta daina bai wa yaran da baƙi suka ɗauka riƙo takardar izinin fita daga ƙasar. Yara fiye da 1,000 abin ya shafa, waɗanda kotunan ƙasar suka riga suka danƙa wa iyalai daga Amurka, Faransa, Italiya da Beljiyam. Watau a idon shari'a yaro ya zama nasu, amma ba su da ikon hawa jirgi da shi.

Dalilin da gwamnatin Shugaba Joseph Kabila ta bayar shi ne tana son bincika rahotannin takardun jabu, da kuma labarin cewa wasu masu riƙo a ƙasashen waje suna wulaƙanta yaran, ko su miƙa su ga wasu mutane dabam. An ce dakatarwar ba za ta wuce shekara guda ba, amma sai ga shi ta kusa cin shekara uku.

Da yawa daga cikin iyalan Amurka da ke jiran, addini ne ya kai su ga wannan aiki tun farko. Majami'unsu sun daɗe suna wa'azi da Wasiƙar Yakubu, wadda ta sanya kula da marayu cikin alamun ibada ta gaskiya, har suna keɓe Lahadi guda a watan Nuwamba domin tunawa da marayu. Saboda haka da ƙofa ta rufe, wurin Allah suka koma. Suka riƙa taruwa ana addu'a da azumi, suna tuna Hannatu wadda ta yi shekaru tana roƙo kafin ta sami Sama'ila. Musulmi ma ya san irin wannan jira a tarihin Annabi Zakariyya, wanda bai yanke ƙauna ba har tsufa ya cim masa.

To, amma addu'ar ba ta sa sun naɗe hannu ba. Kowane wata suna aika kuɗin ci da sha da magani zuwa gidajen da ke kula da yaran. Wasu mata suka bar ayyukansu suka tare a Kinshasa domin su zauna da yaran, mazansu kuwa suna gida suna kai kuka ga 'yan majalisa. A watan Mayu na 2014 aka saki yara 31 suka tafi Italiya, sauran kuma aka ci gaba da dako. Sai a ƙarshen 2015 aka fara sakin wasu kaɗan-kaɗan, cikin 2016 mafi yawansu suka tafi.

Haƙiƙa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Sai dai akwai waɗansu masu addu'a da duniya ba ta ji muryarsu ba a lokacin. Cikin yaran da aka kai Beljiyam a 2015 daga wani gidan marayu na Kinshasa, daga baya bincike ya nuna wasu ba marayu ba ne, iyayensu na nan da rai, yaudararsu aka yi aka raba su da 'ya'yansu. A 2024 wata kotu a birnin Namur ta sami matar da ke shugabancin gidan da laifi, ta yanke mata hukuncin ɗauri. Ashe sa'ad da wata uwa take durƙushe a Turai tana roƙon a kawo mata yaro, wata uwar tana can a Kwango tana roƙon a mayar mata da shi.

A nan ne hikimar Musulunci ta fito fili. Addini ya kwaɗaitar ƙwarai da riƙon maraya, amma Suratul Ahzabi ta hana a canja masa nasaba, kamar yadda aka mayar wa Zaidu ɗan Harisa sunan mahaifinsa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 kan haƙƙin yara ta amince da wannan tsari na kafala, ita kuma Yarjejeniyar Hague ta 1993 ta wajabta a tabbatar iyaye sun yarda ba tare da an saye su da kuɗi ba.

Mai jiran ɗan riƙo dai yana da haƙƙin ya roƙi Allah ya gaggauta masa. Amma roƙon da ya fi dacewa da shi shi ne Allah ya zaɓa wa yaron abin da ya fi alheri, ko da alherin nan shi ne ya zauna a ɗakin mahaifiyarsa. Jinkirin da bincike ke jawowa yana da ɗaci, amma bai kai ɗacin renon ɗan da aka sato ba. Allah ya jiƙan marayu, ya saka wa masu riƙonsu da gaskiya.