Wani Ɗan'uwan Gauta Yana Neman Ƙarewa

'Yan'uwana mata, ko kun san gautan da kuke sawa a miya yana da dangi har tsibiran Hawai, can tsakiyar tekun Fasifik? Mutanen wurin suna ce masa popolo. Yaɗo yake yi bisa yashin bakin teku, 'ya'yansa baƙaƙe kamar na gautan kaji.

Wajen 1903 aka kai zomaye tsibirin Laisan, suka cinye tsire-tsire, popolo ya ɓace can. A sauran tsibiran kuwa ɓeraye da baƙin ciyayi suna damunsa. A 2016 Gwamnatin Amurka ta sa doka ta tsare shi.

To, iri in ya ƙare, ba kasuwar da za a sayo shi. Kowacce ta adana nata.