Ina C: ta shiga? Hanyar gane foldodin Linux

Ɗalibin kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke Tudun Wada, ko a Jami'ar Jihar Kaduna, da wuya ya gama karatu bai ci karo da Linux ba. Wani malami ne zai ce a ɗora, wani kuma laftof ya sayo a shagunan titin Ahmadu Bello ya tarar da Ubuntu, wani nau'in Linux, a ciki. Da ya kunna sai ido ya raina fata: ba C:, ba D:, ba Program Files. Nan da nan sai a koma wurin mai gyara, a ce a sauke wannan abu a sa Windows.

Gaggawa ce kawai. Windows tana ba kowace ma'adana harafinta, kuma ta fara daga C ne saboda A da B na faifan fulofi ne na da. Linux kuwa, wadda Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991, ta gaji tsarin Unix: komai daga tushe ɗaya yake fitowa, alamarsa /, sauran foldodi duk a ƙarƙashinsa suke.

Ka ɗauke ta tamkar gidan haya. Ɗakinka shi ne /home sannan sunanka. A nan Documents da Downloads da Pictures suke, ka shirya, ka goge, ka sake suna, ba mai ce maka uffan. Mita da tankin ruwa kuwa na maigida ne. Wato /etc, inda saitin na'urar yake, da /usr/bin, inda akasarin manhajoji ke zaune, da /var/log, inda take rubuta abin da ya faru da ita. Leƙawa ba laifi, amma canja wani abu sai da umarnin sudo da kalmar sirri. A ganina wannan shinge alheri ne, domin ya sha ceton sabon shiga daga ɓarnar hannunsa.

Filash fa? Idan ka soka shi a Ubuntu, ba harafi zai samu ba. Galibi yana bayyana a /media ƙarƙashin sunanka, kuma za ka gan shi a gefen hagu na manhajar Files. Kada ka ajiye furojet a /tmp, ana share ta.

Abu biyu ke yawan kayar da mutane. Linux tana bambanta babban baƙi da ƙarami, don haka Aiki.txt daban, aiki.txt daban. Sannan duk fayil ɗin da sunansa ya fara da ɗigo a ɓoye yake, sai ka danna Ctrl da H zai fito. Mai wayar Android ma, ko bai sani ba, Linux ce ke ƙarƙashin wayarsa, shi ya sa zai ga foldodi masu ɗigo idan ya buɗe ɓoyayyun fayiloli.

Amma a kiyayi umarnin rm. Abin da ya goge ba ya zuwa kwandon shara, ya tafi ke nan. Kada ka kwafo umarni daga intanet ka liƙa alhali ba ka san aikinsa ba, musamman wanda ya fara da sudo. Kuma kafin ka miƙa laftof a ɗora maka Ubuntu, kwashe takardunka da hotunanka a filash, domin zaɓin goge ma'adana wajen ɗorawa ba ya barin komai.