Maharbi a Gonar da Ba Tasa Ba

Idan gero ya fara ido a gonakin Kambaza ta jihar Kebbi, wato Kabi, wajen ƙarshen watan Agusta, barcin safe ya ƙare wa yaran gida. Tun kafin rana ta fito suke fita, wani da majajjawa, wani da danƙo, wani kuma ya haye rumfar da aka kafa a tsakiyar gona yana jan igiyar da aka jera wa gwangwanaye. Aikinsu ke nan har faɗuwar rana: korar tsuntsu. Haka abin yake a Dalijan da sauran garuruwan ƙasar Gwandu, haka yake a ƙauyukan Kalgo da ke gangarawa fadama, inda shinkafa ke maye gurbin gero. A cikin wannan hayaniya ne jifa-jifa ake jin ƙarar bindiga daga gefen gona, hasbiyoyi su tashi fir, ɗaya ko biyu su faɗo. Sau da yawa wanda ya yi harbin ba shi ne mai gonar ba.

Nan ne maganar take. Manomi yana son a rage masa tsuntsaye, maharbi yana son nama, ko na miya ko na kai wa mai suya a kasuwa. Bukatunsu sun zo ɗaya, ya kamata a ce babu abin da zai haɗa su rigima. Amma duk wanda ya taɓa zama a ƙofar gidan mai gari da kaka ya san ana kawo ƙara a kan wannan al'amari: an tattake wake, an karya karan dawa, an harbe tantabarar wani, an tsorata yaro.

Kafin a je ga rigimar, yana da kyau a san wane tsuntsu ne ke cin me, domin sau da yawa wanda ake harbewa ba shi ne babban mai laifi ba.

Hasbiya ita ce babba a cikin dangin, mai jan da'ira a kewayen ido da ɗigo-ɗigon fari a fukafukai, tana son giginya da dogayen gine-gine. Kurciya ta fi ta ƙanƙanta, bardo mai doguwar wutsiya kuma ya fi su duka ƙanƙanta. Dukansu a ƙasa suka fi yin kiwo. Ɓarnarsu ta fi yawa a lokuta biyu: lokacin shuka, musamman idan an yi binne ana jiran ruwa ko an watsa irin shinkafa, sai kuma lokacin da aka girbe hatsi aka shanya zangarniya ko aka tara a masussuka. Tsakanin waɗannan lokuta, yawancin abin da ke cikin maƙoƙon kurciya ƙwayar ciyawa ce da hatsin da ya riga ya zube. Ƙwai biyu kacal take yi a sheƙa, uwa da uba su riƙa ciyar da 'ya'yan da wani farin ruwa mai kauri da suke fitarwa daga maƙoƙonsu. Saboda haka idan aka harbe ɗaya daga cikin iyayen, sau da yawa an kashe uku ne.

Wanda ke sa manomin Kabi hawaye shi ne jan-baki, wanda mutanen wannan yanki ke kira buwa. Nauyinsa wajen giram 20 ne kawai, amma masana sun ƙiyasta yawansa a Afirka ya kai wajen biliyan 1.5, babu wani tsuntsun daji a duniya da ya kai shi yawa. Kowane ɗaya kan ci hatsin da ya kai giram 10 a yini, wato garken da ya kai miliyan 2 zai iya lashe tan 20 tsakanin safiya da magariba. Asalin abincinsa ƙwayar ciyawar daji ce. Idan ta ƙare, sai ya juyo kan gero da dawa da shinkafa. Tun da noman rani ya bunƙasa a jihar, musamman bayan da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015, fadamun da ke bin gulbi daga Argungu zuwa Kalgo da Bunza suka zama kore a lokacin da daji ya bushe ƙurmus. Tsuntsu ya samu abinci da ruwa da wurin kwana a waje ɗaya.

Bindigar toka ba ta iya wa wannan. Kafin maharbi ya sake ɗura albarushi ya danna, garken ya sauka a ɗaya gefen gonar. Shi ya sa gwamnatoci ke ɗauko hayar jirgin sama a yi feshi a inda tsuntsayen ke kwana, da wani magani mai suna fenthion. Maganin yana kashe jan-baki, amma ba ya tambayar sunan wanda ya tarar: shaho da shirwa da mujiya da suka ci gawar su ma sukan tafi, ga haɗari ga mutanen da ke tsintar tsuntsayen su kai gida. A yankin Tafkin Cadi akwai masu wata dabara da ta cancanci a duba ta. Da dare suke kama jan-baki da raga a makwancinsa, a fige, a soya, a busar, a kai kasuwannin Njamena, miliyoyi a kowace shekara. Abin da ya ci hatsi ya koma abinci da kuɗi. A gonar tudu kuwa, tsofaffin manoma sun san amfanin gero mai gashi, gargasa, wanda tsuntsu ba ya jin daɗin sauka a kansa, sun kuma san cewa wanda ya yi shuka shi kaɗai kafin kowa, ko bayan kowa, gonarsa ce za ta ciyar da tsuntsayen gari duka.

To ina amfanin maharbi ke nan? Yana da shi, sai dai ba inda ake zato ba. Hasbiya tsuntsuwa ce mai wayo da riƙe wuri. Idan ta saba da masussuka ko gonar da aka watsa iri, kullum za ta dawo da 'yan uwanta. Mutum-mutumi kwana kaɗan yake yi ta gane shi, har ta sauka a kansa. Amma idan aka yi harbi a wurin sau biyu ko uku a jere, sai ta ƙaurace masa na ɗan lokaci, kuma wannan ɗan lokacin ne manomi ke bukata don iri ya tsiro ko a kwashe hatsi zuwa rumbu. Tsoron da bindiga ke sawa ya fi abin da take kashewa amfani.

Maharban da suka daɗe a sana'ar sun san wannan, sun kuma san cewa ƙafarsu na kan ƙasar wani. Irinsu ba sa faɗa wa gona kai tsaye. Tun da yamma mutum zai je gidan mai gonar ya yi sallama, a gaisa, a tambayi iyali da ruwa, sannan ya ce, "Baba, na ga hasbiya ta matsa wa gonarka ta gabas, ko za a yi mini izini in zauna mata gobe da safe?" Dattijo zai faɗa masa inda yara ke tsayawa, da inda aka ɗaure shanun huɗa, da gefen da wake ya yi yaɗo, ya rufe da "Allah ya ba da sa'a." Washegari maharbi ya bi kan iyaka, ya zauna gindin bishiya ya ba gari da hanya baya, ba ya harbi sama-sama ta inda bai ga ƙarshen gonar ba. Idan tsuntsuwa ta faɗa cikin shuka, ya bi kwarin kunya ya ɗauko ta. Da zai tafi, ya biya ta gidan ya ajiye biyu ko uku don a sa wa yara a miya. Wannan 'yar kyautar ba kuɗin haya ba ce, kuma babu wanda ya wajabta ta, amma ita ke sa baɗi mai gonar ne da kansa zai aiko a kira shi.

Masu ɓata lamarin galibi samari ne da suka ari bindiga, ko baƙin da suka zo a kan babur daga birni ranar hutu. Ba su san gonar wa suka shiga ba, ba su san bayan wancan duhun dawa akwai mata masu tsinkar kuɓewa ba. Ga busasshen kara da hunturu, wanda tartsatsi ɗaya daga bakin bindigar toka ko guntun taba ya isa ya tayar masa da gobara, alhali karan nan da harawa dukiya ce, abincin dabbobi ne har zuwa faɗuwar ruwa.

Rigimar da ta fi zafi ita ce ta tantabara. A garuruwan Hausa da wuya a rasa gidan da aka rataye tukwane ko aka gina ɗakin tantabaru, kuma mai su ya san kowace ɗaya da kamanninta. Da safe sukan fita kiwo tare da na daji. Maharbin kirki yana bambance su tun daga nesa, wanda bai iya ba kuwa ya harbo dukiyar maƙwabci. Shi ma manomi yana da tasa hujjar: tantabarun wane ne suka tone masa iri. Wannan ba sabuwar matsala ba ce. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ake karantarwa a zaurukan Gwandu tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, sun tattauna ta tun ƙarnoni da suka wuce. Wasu suka ce a hana mutum ajiye tantabaru ko ƙudan zuma idan suna cutar da shukar jama'a, tunda ba a iya killace gona daga abin da ke tashi sama. Wasu suka ce hukuncinsu ɗaya da na dabbobin kiwo, mai gona shi ke da tsaron gonarsa da rana. Littafin Risala, wanda kusan kowane almajiri ya bi ta kansa, ya halatta farauta don bukata, ya karhanta yin ta don wasa kawai. Kuma duk tsuntsun da aka tarar da sauran rai a jikinsa, sai an yanka shi. Wanda ke barin masu rauni suna ɓoye a cikin shuka ya saɓa wa addini kafin ya saɓa wa mai gona.

Yanzu kuma wani abu ya ƙaru wanda da babu shi: tsoro. Bayan harin da 'yan bindigar Lakurawa suka kai garin Mera a ƙaramar hukumar Augie cikin Nuwamban 2024, inda mutane fiye da goma suka rasa rayukansu, babu manomin Kabi da zai hangi baƙo da bindiga a gonarsa da asuba ya ɗauka cewa kurciya yake nema. Abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo cikin Maris na 2025 ya nuna ɗaya fuskar haɗarin: an kashe mafarauta 16 'yan Kano da ke komawa gida yin Sallah daga Fatakwal, bayan an ga bindigogin toka a motar da suke ciki. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta tanadi cewa ko bindigar toka sai da lasisi daga kwamishinan 'yan sandan jiha. Takardar tana da muhimmanci, amma manomin da ke leƙowa daga cikin dawa ba takarda yake gani ba. Abin da ke kwantar masa da hankali shi ne ya san fuskar, ya san gidan da mutumin ya fito, ya san Sarkin Baka, shugaban maharba, ya san da zuwansa.

A Ingila ma, inda wata babbar kurciyar daji ke yi wa manoma ɓarna a gonakin alkama da na ganyen da ake matse mai daga ƙwayarsa, maharbi ba ya taka gona sai da yardar mai ita, shiga da bindiga ba izini laifi ne a gaban kotu. Doka ta ba da damar harbin ne don kare amfanin gona. A Afrilun 2019 hukumar Natural England ta soke izinin bai-ɗaya da ake harbin a ƙarƙashinsa, bayan wata ƙungiya mai suna Wild Justice ta kai ƙara. Manoma suka yi ca, domin lokacin shuka ne, sai da aka fito da sabon izini cikin 'yan makonni.

Akwai kuma wata baƙuwa da ya kamata maharban Kabi su sani. Kurciyar Turai kan ƙetare hamada wajen Satumba da Oktoba ta yi hunturu a ƙasashen Sahel, ta koma da bazara. Ana gane ta da zane-zanen baƙi da fari a gefen wuya, da fukafukai masu ruwan ƙasa da baƙi a tsakiyar kowane gashi. Yawanta ya faɗi ƙwarai, har a 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke fuskantar barazanar ƙarewa, a 2021 kuma Faransa da Sifen da Fotugal suka dakatar da harbinta. Tana son taruwa a bakin ruwa da yamma, inda harbi ya fi sauƙi, alhali a can ba ta cin gonar kowa. Harbin mashaya neman nama ne zalla, bai kamata a fake da sunan taimakon manomi ba.

Abin da ya fi bindiga muni shi ne guba. Wasu kan jiƙa hatsi da maganin ƙwari su watsa a gona. Kurciya ta ci, zabin gida su ci, kajin maƙwabta su ci, yaro ya tsinci mataccen tsuntsu ya gasa. Irin da aka cuɗa da maganin shuka ma haka yake, shi ya sa naman tsuntsun da aka harbo a gonar da aka shuka kwanan nan abin a yi hattara da shi ne. Harsashin dalma kuwa, mutanen da suka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba sa bukatar dogon bayani. A cire shi daga nama kafin a dafa, a kuma guji watsa shi a fadamar da ake noman shinkafa da kamun kifi. Tarayyar Turai ta haramta harbi da shi a wuraren dausayi tun Fabrairun 2023.

Duk waɗannan ba sa bukatar sabuwar hukuma. Garuruwan ƙasar Gwandu da Kalgo suna da masu gari, suna da Sarkin Noma da shugabannin maharba. Zama ɗaya kafin faɗuwar ruwa ya isa a tsayar da waɗanda aka yarda su yi harbi, da gonakin da ke bukata, da makonnin da masu tantabaru za su kulle su har iri ya tsiro, da abin da za a biya idan an harbi ta wani. Baƙon maharbi kuma a haɗa shi da ɗan gari ya raka shi, daga shigarsa gona har fitarsa.