Tarihi a Tukunyar Miya

Duk daren Asabar bayan isha'i mukan taru a wani aji na firamaren unguwarmu, nan cikin Kano, mu saurari laccar tarihi. Bencinan na yara ne, sai gwiwa ta tokari tebur. Akwai tela, akwai direban Adaidaita Sahu, ga mata biyar da ke zama ta wajen taga, ɗayarsu kayan miya take sayarwa. Malaminmu ya yi ritaya daga koyarwa a sakandare, kuma ko kwabo ba ya karɓa.

Daren farko wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mu fa labarin gida muka zo ji. Ina ruwanmu da na Turawa?" Malam bai ja da shi ba. Ya juya wajen taga ya ce, "Hajiya, me kika zuba a miyar yau?" Ta shiga lissafi da yatsu: tumatir, attarugu, tattasai, albasa, man gyaɗa, daddawa, gishiri. Tuwon kuwa na masara ne.

"To Baba," in ji Malam, "daddawa ce 'yar gida, sauran kusan duk baƙi ne."

Tumatir da dangin barkono da gyaɗa da masara, har da rogo, duk daga nahiyar Amurka suka fito. Ba su ƙetaro teku ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492, kuma jiragen Fotugal na cikin waɗanda suka sauke su a gaɓar Afirka ta Yamma. Albasa ma sunanta daga Larabci aka aro shi. A wannan shekara ta 1492 Muhammadu Rumfa ne a gadon sarautar Kano, shi da ya kafa kasuwar Kurmi, kuma a zamaninsa Shehu Magili ya sauka a birnin. Wato matan fadar Rumfa ba su taɓa jajjaga attarugu ba. Hajiya ta riƙe baki ta ce, "To da me suke miya?" Aka yi ta kawowa: kuka, kuɓewa, yakuwa, kimba.

Tun daga ranar na daina raba tarihi gida biyu, namu da nasu. In miya ta dahu, babu ludayin da zai tsamo maka tumatir daban ya bar daddawa daban. Dubi gyaɗa kawai. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, auduga Turawa suka sa rai za a riƙa lodawa zuwa masaƙun Ingila. Manoma suka duba farashi, suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, saboda masana'antun Turai na neman manta don yin sabulu da man shafa wa burodi. Nan dalar gyaɗa ta samo asali, nan fatake irin su Alhassan Ɗantata, wanda da goron Gwanja ya fara, suka bunƙasa. Wanne ne na gida a nan, wanne ne na waje?

Amma abin da ya fi kama ni shi ne yadda Malam ke koyarwa. Yaro sabuwar tukunya ce, kai za ka ɗora sanwa. Babba kuwa tukunyarsa ta daɗe a kan murhu, wasu hannaye sun riga sun zuba nasu. Macen da ta san girki, in aka bar mata irin wannan tukunya, sai ta ɗanɗana kafin ta ƙara gishiri. Mun taɓa gayyato wani masani, mai ilimi ne ƙwarai, amma da abincinsa ya zo a kula. Ya juye mana shekaru da Turanci na awa ɗaya, muka tafa masa, kowa ya tafi gida da yunwarsa.

Malam ɗanɗanawa yake yi. Daren da aka zo kan Yaƙin Duniya na Biyu, dattijon nan da ya ce ba ruwansa da Turawa ya zaro wata lambar soja daga cikin tsumma, duk ta dushe. Ta mahaifinsa ce, wanda ya je yaƙin Bama. Malam ya ajiye alli ya koma benci, ya bar masa fili. Dattijon ya ba da labarin daji mai ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, da kayan da sojojinmu suka riƙa ɗauka a ka. Sai da ya gama Malam ya ƙara ɗan abin da ya rage: runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, faɗa da Jafan, da ƙarewar yaƙin a 1945. Lambar ta zagaya aji hannu zuwa hannu, dattijon yana binta da ido har ta dawo gare shi.

Asabar mai zuwa gishiri za a taɓa, da ayarin raƙuman Buzaye masu ɗauko shi daga Bilma. Hajiya ta ce za ta nemo kantu guda a kasuwa ta kawo, don tela ya ce shi bai taɓa ganinsa ba.